BAKIN RUWA: Sandar Fatsa Ta Farko Ga Mai Son Kamu A Kan Duwatsun Teku

 Tun da muka taɓo zancen kamun kifi da fatsa, wasiƙu suke ta zuwa daga Nima da Sabon Zango da Ashaiman da zangon Sekondi, kuma yawancinsu tambaya ɗaya suke ɗauke da ita. Matasa ne masu son zuwa bakin teku ranar hutu, su tsaya a kan duwatsu ko kan gadar da ta shiga cikin ruwa su jefa fatsa, suna so su san irin sandar da ta kamata sabon shiga ya saya. To, ita za mu duba a wannan wata, in Allah ya yarda.

Amsar a taƙaice ita ce, wurin da mutum zai tsaya shi ke zaɓa masa sanda. Mai kanti zai nuna maka wadda ta fi ƙyalli ko wadda ta daɗe a hannunsa, abokinka zai yaba maka irin tasa, amma tsayin dutsen da za ka hau da irin ruwan da ke dukansa su ne alƙalai. Wanda ya sayi sandar da ba ta dace da wurinsa ba, in ya yi sa'a kuɗinsa kawai zai yi asara. In bai yi sa'a ba, gajeruwar sanda za ta ja shi ya sauka har kan jiƙaƙƙen dutse, inda igiyar ruwa ɗaya ta isa ta ɗauke shi.

Da farko bari mu bayyana irin kamun da ake nufi. Duk wanda ya tashi kusa da rafi ko kududdufi ya san yadda yara ke ɗaura guntun kara ko totuwa a jikin zaren fatsa, ya riƙa iyo a kan ruwa, da kifi ya taɓa koto sai ya nutse. Wannan dabara ce dai ake yi a teku, sai dai abin da ake ɗaurawa na kanti ne, na roba ko na katako marar nauyi, mai jan kai domin a hango shi daga nesa. A wannan fili za mu riƙa kiransa ɗan-iyo. Amfaninsa a wurin duwatsu babba ne, domin yana rataye ƙugiya da koto a tsakiyar ruwa, ba ya barin su kwanta ƙasa su maƙale. Wanda ya jefa dalma mai nauyi cikin duwatsu ba tare da ɗan-iyo ba, kafin azahar ya ƙarar da ƙugiyoyinsa.

Mu Hausawa mun san ruwa. Sarkawan Kabi da masuntan Argungu sun shahara, kuma a nan Gana 'yan'uwanmu sun daɗe cikin fataucin kifi a Yeji da sauran kasuwannin bakin tafkin Volta. Sai dai sanin kogi da tafki bai wadatar a teku ba. Gaɓar Gana, mai tsawon kimanin kilomita 550, a buɗe take ga tekun Atilantika, kuma igiyar da ke dukanta daga nesa ƙwarai take tasowa. Takan zo rukuni-rukuni: ƙanana su wuce da yawa har mutum ya saki jiki, sa'an nan manya biyu ko uku su biyo baya su rufe dutsen da yake a bushe ɗazu. Ta fi ƙarfi daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, ta fi lafawa lokacin hunturu. Bayan wannan kuma teku tana cika ta janye sau biyu a kwana guda.

Wuraren da masu fatsa ke tsayawa iri uku ne. Akwai duwatsun da Allah ya halitta, irin na wajen Elmina da Cape Coast da Sekondi. Akwai waɗanda aka jibge domin hana teku cin ƙasa, kamar na hanyar Sakumono tsakanin Nungua da Tema da kuma na Keta. Sa'an nan akwai gadoji da katangun tare igiyar ruwa na tashoshin masunta, irin na James Town a Ankara da Tema da Sekondi da Elmina. Duk ukun abu ɗaya ya haɗa su: mutum yana sama, ruwa yana ƙasa, tsakaninsu kuma akwai duwatsu masu kaifi da ke yanke zare.

TSAWON SANDA

Saboda haka ne tsawo ya zama abu na farko da za a duba. Ga sabon shiga, sanda mai ƙafa 12 zuwa 14, wato mita 3.6 zuwa 4.2, ita ta fi dacewa. Dalili na farko, doguwar sanda tana ɗaga zare sama da duwatsu da kumfar ruwa, ɗan-iyo ya zauna inda aka sa shi maimakon igiya ta jawo shi gindin dutse. Na biyu, tsakanin ɗan-iyo da ƙugiya sau da yawa akan bar zare mita 2 ko fiye, kuma ba a iya wurga irin wannan da sanda mai ƙafa 6, sai dai ƙugiya ta kama dutsen da ke bayanka, ko kuwa rigarka. Na uku, kifin duwatsu da ya ji ƙugiya rami yake nufa, doguwar sanda ce ke ba ka damar juya kansa zuwa fili. Na huɗu kuwa, wanda ya fi sauran muhimmanci, tana ba ka damar tsayawa can baya a busasshen wuri alhali kotonka yana cikin ruwa.

Wani zai ce, in haka ne me zai hana in sayi mai ƙafa 18 ko 20? Abin da zai hana shi ne iska da gajiya. Mai kamu da ɗan-iyo ba ya ajiye sanda, a hannu take tun safe har tashi, kuma duk ƙafa ɗaya da aka ƙara nauyinta a wuyan hannu yake sauka. Iskar teku kan taso da rana, ta riƙa kaɗa doguwar sanda har mutum ya kasa tsai da ita. Wanda zai riƙa kamu a kan gada mai shimfiɗaɗɗen bisa, inda ruwa ke daidai ƙarƙashinsa, ƙafa 11 ko 12 ta ishe shi. Mai hawa jibgaggun duwatsun da suka gangara cikin ruwa ya nemi 13 ko 14. Yaro ɗan shekara goma sha biyu kada a ba shi fiye da ƙafa 10, kuma a kan gada kaɗai, tare da babba.

ƘARFI DA LANƘWASA

A jikin kowace sandar kanti, sama kaɗan da mariƙi, akwai rubutu. Za a ga tsawonta, sa'an nan a ga lambobi biyu da harafin g, misali 10-40g. Ma'anarsu ita ce nauyin da aka yi sandar ta wurga, daga giram 10 zuwa giram 40. Ɗan-iyon teku da dalmarsa da koto gaba ɗaya sukan kama giram 10 zuwa 25, saboda haka sanda mai 10-40g ko 15-50g ita ce daidai.

A nan ne mutane da yawa ke zubar da kuɗinsu. Suna ganin teku babba ce, sai su sayi ƙatuwar sandar da aka rubuta wa 100-200g, irin wadda ake wurga dalma mai nauyi da ita daga kan rairayi. Irin wannan ba ta jin ɗan-iyo mai giram 12, ba ta lanƙwasa ta cilla shi, kuma in ƙaramin kifi ya ci ka fizga, sai ƙugiya ta yage bakinsa ta fito. Haka nan gajeruwar sanda mai kauri ta kamu daga cikin kwalekwale ba ta da amfani a kan dutse. A ɗaya ɓangaren kuma akwai siraran sandunan kamun kifin kogin Turai, masu 2-10g. Da su ana jin daɗin wurgi, amma kifi mai kilo ɗaya in ya nufi rami ba za su tsai da shi ba, balle su ɗago shi.

Game da lanƙwasa, a nemi wadda in an ja ta, kashi ɗaya cikin uku na sama zuwa rabinta ne ke rusunawa, gindin kuma ya tsaya da ƙarfinsa. Laushin kan shi ke shanye fizgar kifi ya hana siririn zare tsinkewa. Ƙarfin gindin shi ke jawo kifin daga duwatsu.

FAIBA KO KABON

Da abu biyu ake yin sandunan zamani, faiba da kabon, wasu kuma a gauraya su. Faiba ta fi nauyi, ta fi araha, kuma tana jure wahala: ta faɗi kan dutse, a taka ta cikin mota, ta tashi lafiya. Kabon ba shi da nauyi, yana isar da motsin kifi har tafin hannu, amma yana da tsada kuma ba ya son duka. Ƙaramin rauni da dutse ya yi masa yau, wanda ido ba ya gani, shi ne inda zai karye bayan wata guda. Har ila yau kabon yana ɗaukar wutar lantarki. Mai riƙe da shi ya yi nesa da wayoyin wuta, kuma da ya ji tsawa ya kwantar da sanda ya bar wurin. Wannan gargaɗi na tsawa ya shafi kowace doguwar sanda, musamman in ta jiƙe.

Shawarar wannan fili ga sabon shiga ita ce ya fara da faiba ko gauraye. Shekarar farko shekarar faɗuwa ce da maƙalewa da buge-buge, gara a yi su da sandar da za ta yafe. In hannu ya faɗa, kuma sha'awa ta ɗore, sai a nemi kabon.

Ta wajen ƙira kuma iri biyu ne. Akwai mai gaɓa biyu ko uku da ake zura wannan cikin wancan, akwai kuma mai shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo. Mai gaɓoɓi ta fi ƙarfi da kyawun lanƙwasa, zobbanta kuma a jere suke ba sa juyawa. Amma sanda mai ƙafa 13 in an raba ta uku, kowace gaɓa ta haura ƙafa 4, kuma duk wanda ya taɓa shiga torotoro daga Nima zuwa Tema ya san abin da ɗan kwandasta zai ce. Mai shigewa cikin juna takan koma ƙasa da mita ɗaya, ta shige jaka. Aibinta shi ne rairayi: ƙwaya kaɗan in ta shiga mahaɗi sai ta ƙi buɗuwa ko ta ƙi rufuwa. Mai mota ko mai zama kusa da teku ya sayi mai gaɓoɓi. Mai shiga motar haya ya sayi mai shigewa, ya riƙa buɗe ta daga kai zuwa gindi, ya rufe ta daga gindi zuwa kai, kada kuma ya taɓa kwantar da ita a rairayi.

Wanda ba shi da kuɗin ko ɗaya kada ya zauna gida. Busasshiyar gora madaidaiciya mai mita 4, da zare daidai tsawonta ɗaure a kai, tana kama ƙananan kifi a wurin da ruwa ke kusa, kamar bakin tafkunan da ke haɗe da teku inda karfasa take. Iyakarta dai ba ta wurgi mai nisa, kuma in babban kifi ya ja babu sauran zaren da za a sakar masa.

GWAJI KAFIN BIYA

Yawancin sandunan da ake samu da araha a nan na gwanjo ne, masu shigowa cikin kayan da aka yi amfani da su a Turai. A cikinsu akwai nagari ƙwarai, akwai kuma waɗanda masu su suka yar. Sayen nagari mai da kuɗi gida, in ji Hausawa, saboda haka kada kunya ta hana ka gwadawa. Ka buɗe sandar gaba ɗaya, ka kaɗa ta a hankali, in ka ji ƙwas-ƙwas a mahaɗi to ya saki. Ka bi jikinta da farce kana neman tsaga, musamman bakin kowace gaɓa. Ka sa mai kaya ya riƙe kan, kai kuma ka ɗaga sannu, ka dubi yadda take rusunawa. In ta yi baka sumul, lafiya. In wani wuri ya yi gwiwa, ajiye ta.

Sa'an nan ka dubi zobban da zare ke bi. Kowane zobe yana da wani santsin abu kamar tangaran a cikinsa. Ka zura ɗan auduga ka ja, in zobe ya kama audugar to ya tsage, kuma zai riƙa cin zarenka har ya tsinke ranar da ka kama na kirki. Ƙafafun zobba su kasance na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ka ƙirga su kuma: sanda mai ƙafa 13 da zobba biyar kacal ba ta da kyau, domin jiƙaƙƙen zare zai riƙa mannewa a jikinta ya hana wurgi. A ƙarshe ka ɗaura kwarkwaron naɗe zare a mazauninsa, ka tabbata ba ya girgiɗi, ka riƙe sandar a miƙe da hannu ɗaya na minti biyu ko uku. In hannunka ya fara rawa a kanti, a bakin teku abin sai ya fi haka.

Kada a ƙarar da kuɗi duka a kan sanda. A raba su, kamar rabi ga sanda, saura ga kwarkwaro da zare da ƙananan kaya. Kwarkwaro mai lamba 3000 ko 4000 shi ya dace da irin sandar da muka bayyana. A cika shi da zaren nailan mai kaurin milimita 0.28 zuwa 0.30, wanda ke ɗaukar kilo 5 ko 6. Guntun da ke riƙe da ƙugiya ya fi wannan siranta, kamar 0.22 zuwa 0.25, domin in an maƙale shi kaɗai ya tsinke, ɗan-iyo ya dawo gida. Saƙaƙƙen zaren zamani yana da ƙarfi, amma kaifin dutse na yanke shi nan take, kuma yana yanka yatsa, sabon shiga ya dakata da shi tukuna. Ƙugiya lamba 4 zuwa 8 ta isa, koto kuwa jatan lande ko yankan ɗanyen kifi. Inda zurfin ruwa ya fi tsawon sanda, sai a yi amfani da ɗan-iyo mai zamewa, wanda zare ke ratsa cikinsa, a tsai da shi da ɗan ƙulli da ƙwaya mai huda irin ta carbi a daidai zurfin da ake so.

Abu biyu ne suka fi karya sabuwar sanda. Ɗaya shi ne miƙe ta tsaye cak ana son ɗago kifi daga ƙasan gada, nauyin duka ya taru a siririn kan. Kifin da ya kai rabin kilo a ɗauko shi da koma mai dogon hannu ko kwandon da aka ɗaura wa igiya. Na biyu shi ne fizga lokacin da ƙugiya ta maƙale. In haka ta faru, a saki zare, a naɗa shi a guntun itace, a ja da hannu har ya fito ko ya tsinke. In an dawo gida a wanke sanda da kwarkwaro da ruwan famfo, a shanya a inuwa, domin gishiri ba ya barin ƙarfe.

KAFIN A HAU DUTSE

Sanda komai kyanta ba ta iyo. Kafin ka hau dutse ka zauna daga nesa ka kalli ruwa na minti goma sha biyar, ka ga inda manyan igiyoyi ke kaiwa, ka tsaya sama da nan. Dutsen da ya jiƙe ko ya yi gansakuka, teku ce ta sa masa hannu, ba wurin tsayuwa ba ne. Kada ka juya wa ruwa baya, kada ka je kai kaɗai, kada ka hau da silifa, sa kambas mai kama ƙasa. Wanda ya samu rigar iyo irin ta 'yan jirgin ruwa ya sa ta. Ka lura da hanyar komawa, domin ruwa in yana cika yakan zagaye dutse ta baya. Lokacin cikar yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana, kuma cikar ta fi girma a kwanakin tsayuwar wata da tsakiyarsa, wanda mu masu lissafi da watan Musulunci ba zai yi mana wuyar kiyayewa ba. In ɗan-iyo ko kifi ya faɗa tsakanin duwatsu, a bar shi. Tarwaɗar teku kuma ƙayarta na da dafi, a riƙe ta da tsumma, talibambam ɗin teku kuwa a mai da shi ruwa, kada a ci.

Sai kuma ladabin wuri. Manyan tashoshin jiragen ruwa, ta Takoradi da aka buɗe a 1928 da ta Tema da aka buɗe a 1962, suna ƙarƙashin hukuma, ba a shiga sai da izini. Wuraren masunta kuwa kowanne da shugabansa, kamar sarkin ruwa a wajenmu, wanda Ga ke kira Woleiatse, Fante kuma Apofohene. A yawancin gaɓar nan masunta ba sa fita teku ranar Talata. Ko da fatsa ce kawai a hannunka, ka yi gaisuwa, ka tambaya ko an yarda, ka kauce wa taru da igiyoyin kwalekwale. Mun daɗe muna zaman lafiya da masu ƙasa, kada kifi ɗaya ya jawo wa zango magana. Ban da haka, su ne za su gaya maka dutsen da ke cin mutane, kuma in wani abu ya faru su ne masu ceto.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka je kanti ka fara zuwa wurin da kake son kamu, ka dubi tsayinsa da ruwansa, ka ga abin da na gabanka ke riƙe da shi. In ka rasa mai ba ka shawara, nemi faiba ko gauraye mai ƙafa 12 zuwa 14, mai rubutun 10-40g, mai lafiyayyun zobba, wadda hannunka zai iya ɗauka wuni guda.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake daidaita ɗan-iyo da dalma, da ƙulle-ƙullen da ya kamata kowa ya iya. Masu tambaya su ci gaba da aikowa ta hannun edita. Allah ya tsare mu, ya ba mai rabo sa'a.